Waswasin da Soja Ke Dawowa da Shi Daga Daji

Daren da na kwana a gidan ɗan baffana, wanda nake kira Yaya tun ina ƙarami, ƙarar sakata ce ta hana ni barci. An kwanta wajen ƙarfe goma. Ina jin sa ya fito tsakar gida, ya nufi ƙofar zaure, ya zare sakata, ya mayar da ita, ya jijjiga kwaɗo, ya koma ɗaki. Ko minti goma ba a yi ba sai ga shi ya sake fitowa. Na shiga ƙirgawa a raina, da na kai goma sha ɗaya na bari. Da asuba kuma sai buta ta karɓa. Ya yi alwala, ya tsaya shiru, ya sake cika buta, ya faro daga wankin hannu. Har liman ya sallame yana tsugune a bakin rariya.

Da gari ya waye matarsa ta kawo min koko, ta ce, "Ka ji shi jiya ko? To haka muke kullum. Jarka shida nake saye wajen 'yan ga-ruwa, huɗu a hannunsa suke ƙarewa." Na ce, "Anti, an kai shi asibiti kuwa?" Ta ce an kai shi, likita ya ce firgicin yaƙi ne, ya ba shi magani. "Mafarkin ya ragu, alhamdu lillahi, ya daina zabura yana ihu. Amma ƙofar nan da butar nan, babu abin da ya taɓa su."

Yaya ya yi shekara huɗu a Borno, lokacin da ake kiran rundunar Lafiya Dole, kafin a sauya mata suna zuwa Haɗin Kai a 2021. Ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, don haka dangi suka yi hamdala, aka yanka rago, aka rufe maganar. Ni kuwa zancen matarsa ya tsaya min a rai, domin ta taɓo abin da hukumomin soja da asibitocinmu da mu kanmu dangi muke tsallakewa. Ciwo biyu na iya zama a jikin soja ɗaya. A gane ɗaya a yi masa magani, ɗayan ya ci gaba da cin mutum shekara da shekaru, saboda babu wanda ya taɓa tambayarsa a kai.

Na farkon shi ne wanda aka fara sabawa da jin sunansa a rediyo, likitoci suna taƙaita shi da PTSD, ni zan kira shi firgicin bayan masifa. Mutum ya ga mutuwa ido da ido, ko ta ɗauke na kusa da shi yana kallo, sai abin ya ƙi wucewa. Yana zuwa masa a mafarki, yana zuwa masa da rana tsaka idan taya ta fashe a titi. Yana gudun duk abin da zai tuna masa, ya daina shiga hira, ya zama mai saurin fushi, ya zauna a ɗar-ɗar, ko a masallaci sai ya nemi gefen sahu kusa da ƙofa. Hausawa sun riga sun kwatanta shi: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sojoji sun daɗe da shi kafin ya sami suna. Kakanninmu da aka kwasa zuwa Burma a yaƙin duniya na biyu, da waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990, kowane ayari ya dawo da masu irin wannan rauni. Sai a 1980 ciwon ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bayan tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam sun matsa lamba.

Na biyun kuwa sunansa yana bakinmu tun tale-tale, waswasi, sai dai mun fi ɗaukarsa hali ko raunin imani. Likitoci suna ce masa OCD, kuma kimanin mutum 2 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwa. Ƙafa biyu yake takawa. Ta farko tunani ne da ke faɗo wa mutum ba gayyata: anya na rufe ƙofar nan, anya babu najasa a hannuna, idan wani abu ya sami yaran nan ta dalilina fa? Shi kansa ya san tunanin ba shi da kan gado, amma ƙirjinsa ya riga ya ɗauki zafi. Ta biyu ita ce aikin da zai yi don zafin ya sauka: ya duba, ya wanke, ya ƙirga, ya maimaita addu'a, ya tambayi na kusa. Zafin yakan sauka kuwa, na ɗan lokaci, kuma a nan tarkon yake. Ƙwaƙwalwa ta koyi cewa dubawar ce ta tsare gidan, gobe sai ta nemi ƙari, kamar mai ƙishi da aka ba ruwan gishiri. Idan abin ya kai yana cinye wa mutum fiye da awa guda a rana, ko yana hana shi aiki da ibada da zaman iyali, ya wuce hali, ya zama ciwo.

A takarda sun rabu. Tun 2013 ma kundin nan na likitocin Amurka ya ware wa kowanne babinsa. Firgici yana waiwayen abin da ya riga ya faru, waswasi yana hangen abin da zai iya faruwa. Amma ga wanda ke kwance a ɗakin baƙi yana jin sakata, duk ɗaya ne, mutum ne ke zagaya gida da tsakar dare. Bambancin yana cikin abin da ke biyo bayan dubawar. Mai firgici ya leƙa ya ga lafiya, yakan ɗan natsu. Mai waswasi idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa, amma zuciyarsa ta ƙi cewa ya isa. Kuma sau da yawa akwai ƙa'ida da ya gindaya wa kansa: sai sau bakwai, sai da hannun dama, idan aka yi masa magana a tsakiya ya faro daga fari. Wannan ƙa'idar ce ya kamata likita ya nema. Likitan da layi ya cika masa baranda, minti goma gare shi ga kowane mutum, da ya ji "na yi Borno, ba na barci" ya riga ya san abin da zai rubuta.

Ban ga wani aiki da ya fi aikin soja shirya wa waswasi ƙasar shuka ba. Tun daga Defo a Zariya ake koya wa yaro maimaici: duba bindigarka, sake dubawa, ƙirga harsashi, kada ka yarda da "ina jin na yi". Sannan a kai shi inda wannan horon shi ne tsakanin rai da mutuwa. A hanyoyin Borno ana binne nakiya a cikin yashi. A shingayen bincike, musamman tsakanin 2014 da 2017, 'yan ta'adda sun riƙa ɗaura wa ƙananan 'yan mata bam suna turo su cikin jama'a. A irin wannan wuri shakka ita ce hankali. Wanda ya ce "bari in ƙara dubawa" shi ne ya ceci mutane. Sai kuma rana ta zo da dubawar ba ta isa ba. Sau ɗaya tak Yaya ya taɓa buɗe min wannan, muna zaune a kan tabarma bayan isha'i, ya ce, "Ni na duba wurin, ƙanena. Ni na ɗaga hannu na ce su wuce." Motar da ke gaba ta taka, waɗanda ke cikinta abokan cin tuwonsa ne. Bai ƙara kalma ba, ni ma ban tambaya ba.

Tun 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Paul Salkovskis, ya yi bayanin cewa zuciyar waswasi ita ce ɗora wa kai alhakin da ya fi ƙarfin mutum, wato ganin cewa duk sharrin da ya auku, ni ne na kasa tare shi. Yawancin masu waswasi suna tsoron masifar da ba ta taɓa faruwa ba. Soja irin Yaya tasa ta faru, yana da sunayen waɗanda ta ci. Ta yaya za ka ce masa tsoronsa ba shi da tushe? Sakatar da yake zarewa yana mayarwa a Kaduna, hanyar nan ce ta Borno yake sake dubawa, ko wannan karon zai gani.

Wanki ma haka. Wanda ya kwashi gawar abokinsa gunduwa-gunduwa ya sa a buhu, wanda ya shiga garin da aka ƙwato ya tarar da abin da rana ta yi wa gawarwaki, akwai warin da ke bin sa wanda sabulu bai san inda yake ba. Masana sun gane cewa akwai ƙazantar da mutum ke ji a ciki ko da fatarsa fes take, kuma tunawa kawai na iya tayar da ita. A nan dole in faɗi abin da ba a so a faɗa. Ba duk abin da ke cin soja ne abin da aka yi masa ba. Wani abin da ya yi ne da hannunsa, ko aka umarce shi ya yi, ko ya ga ana yi ya kawar da kai. Mutanen Borno sun san wannan yaƙin ya ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ta ɓangarori fiye da ɗaya, kuma haƙƙinsu magana ce da ba za a binne ta da sunan tausayin soja ba. Amma sojan da ya dawo da wannan nauyi, mai imani, wanda aka rena da sanin girman jini, ba abin mamaki ba ne ya tsaya a bakin rariya yana wanke hannu har fata ta tsattsage. Irin wannan yana buƙatar likita, yana kuma buƙatar malamin da zai zauna da shi a kan maganar tuba da gaske, ba wanda zai ce masa "ka manta kawai" ba.

Likitocin waje sun daɗe da lura da haɗuwar nan. A 1993 Roger Pitman, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya wallafa labarin wani tsohon sojan Biyetnam da ya tafi yaƙi lafiya lau, ya kamu da ciwon biyu tare a fagen daga, suka bi shi shekaru masu yawa. A 2011 wani bincike a Isra'ila kan mutum 44 masu firgicin yaƙi da na hare-hare ya tarar kashi 41 cikin 100 suna da waswasi har matakin ciwo. Mutum 44 ba yawa ba ne, kuma waɗanda abin ya kai su asibiti ne, don haka ba za a shafa wa kowane soja wannan adadi ba. Duk da haka tazarar da ke tsakanin 2 da 41 ta isa ta sa a riƙa tambaya. Yaƙi ba shi kaɗai ke haifar da waswasi ba, gado yana da nasa kaso, kuma ciwon yakan fara ɓulla ne a ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, daidai shekarun da muke ɗaukar yara aikin soja. Wani da ɗan tsironsa ya shiga, daji ya yi masa ban ruwa.

Abin da ya sa na ce a wurinmu abin ya fi ɓuya shi ne muna da riguna masu kyau da muke sa masa. Idan tsohon soja ya jera takalmansa a layi, ya hana kowa taɓa kofinsa, ya duba ƙofa sau goma, sai a ce ai horon bariki ne, soja ba ya tsufa. Idan ya daɗe a alwala, yana ta sake kabbarar harama, sai a ce ma sha Allah, tun da ya dawo ya kama addini. Ga kuma halin da ƙasa ke ciki. A garin da masu garkuwa ke ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfe biyun dare, wa zai zargi magidanci don ya duba sakata? Ni ma ina dubawa. Amma ni ina dubawa in kwanta. Matar da ke sayen jarka shida ita ta san inda taka-tsantsan ya ƙare ciwo ya fara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ita ce ba a cika tambaya ba.

Akwai nau'in da ya fi duk waɗannan ɓuya, ya fi su azaba. Mutum yana zaune ɗansa na wasa a gabansa, sai hoton ya faɗo masa: ga wuƙa, ga yaron. Ko yana cikin sallah sai kalmar saɓo ta gilma masa. Hankalinsa ya tashi, ya sa a ɓoye wuƙaƙen gidan, ya daina ɗaukar yaron, ya daina zama da iyali. Wa zai faɗa wa? Shi da ya san ya taɓa harbi, shi da ya ji labarin kofur ɗin da ya buɗe wa abokan aikinsa wuta a Malam Fatori ta jihar Borno a watan Fabrairun 2020, ya kashe huɗu sannan ya kashe kansa, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ma can ya nufa. Alhali abin da masana suka tabbatar shi ne tunanin waswasi kishiyar nufin mutum ne. Yana zuwa ne ta inda mutum ya fi ƙauna ya fi tsoron ɓatawa, kuma firgitar da yake yi da shi alama ce ta cewa ba ya so. Rarrabe wannan da haɗari na gaskiya aikin ƙwararre ne, shi ya sa ake so ya faɗa. Idan kuwa duk wanda ya buɗe baki za a karɓe bindigarsa a bainar jama'a, a riƙa nuna shi a bariki ana cewa kansa ya taɓu, babu samanjan da zai yi magana.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa, kuma yake ba ni takaici lokaci guda, shi ne rabin maganin yana cikin karatun da muka yi a zaure muna yara. Duk wanda ya karanta Ahalari ya wuce ta wurin da aka ce wanda ya yi shakkar karyewar alwala ya sake ta, sai dai in mai waswasi ne, shi babu komai a kansa. Ya wuce ta wurin da aka ce mai waswasi a sallah ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujada bayan sallama kawai. Malamanmu suna da kalmar da suke fassara irin wannan mutum da ita, wanda kokwanto ya aure shi. A hadisi an kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙarar mutumin da ke jin kamar wani abu ya fita daga gare shi yana sallah, ya ce kada ya juya sai ya ji sauti ko ya ji wari. Da sahabbai suka ce suna samun abin da ya fi ƙarfin faɗa a zukatansu, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Duba da kyau, umarnin ɗaya ne: ka ji shakkar, kada ka biya mata buƙata. Wannan kuwa shi ne ginshiƙin maganin da Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan a 1966, wanda har yau shi ne kan gaba wajen magance waswasi. Ana sa mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da hankali sannu a hankali, ya rufe ƙofa sau ɗaya ya koma ɗaki, ya zauna da zafin ba tare da ya koma dubawa ba, har jikinsa ya gane cewa zafin yana sauka da kansa.

To me ya hana limaman bariki da fastoci da likitocin soja su zauna tebur ɗaya a kan wannan? Soja Musulmi da likita ya ce masa "ka daina sake alwala" zai ji kamar ana raba shi da addininsa. Idan liman ya buɗe masa littafi ya nuna masa cewa rangwamen nasa ne, kuma wuce wanki uku ma ba a so, ya sami ƙasa mai tauri da zai taka. Ba na adawa da addu'a ko ruƙiya, mu masu imani ne. Abin da nake tsoro shi ne mai maganin da bai san ciwon ba, ya ce aljanun daji ne suka biyo shi, ya ba shi wanka bakwai da ruwa kaza, karatu ƙafa dubu kaza, in ya yi kuskure ya sake. Ka ba mai waswasi lissafi da sharaɗin sakewa, ka zuba wa wuta fetur.

Sai dai a kan soja akwai wani taka-tsantsan da ya kamata a yi, kuma shi ne dalilin da ya sa nake nacewa a gano ciwon biyu tare. Likitocin da suka yi aiki da masu ɗauke da su duka sun lura cewa a wasu mutane, da zarar an rage maimaicin sai tunanin masifar ya taso da ƙarfi. Wato wanki da dubawa murfi ne a kan tukunya mai tafasa. Muddin Yaya yana ƙirga sakata, ba ya ganin motar nan. Ka fizge murfin ba ka rage wuta ba, ka ƙone shi. Ka yi maganin mafarki kaɗai ka bar sakata, ga abin da na tarar a gidansa. Ko a magani na sha akwai bambanci. Akwai jinsin ƙwayoyi, irin su sertraline, da ke taimaka wa ciwon biyu, amma waswasi yakan buƙaci adadi mafi yawa da haƙurin mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci ko ya yi aiki, kuma likita ne kaɗai zai tsara wannan. Ƙwayoyin sa barci irin diazepam kuwa ba sa warkar da ko ɗaya, sai dai su bar mutum da jarabar su. Wanda bai sami hanya ba shi ne ke komawa tiramadol da wiwi, daga nan kuma kowa ya huta da bincike, a ce ai ɗan ƙwaya ne.

Iyali ma, cikin ƙauna, muna ciyar da ciwon. Anti takan tashi ta raka shi ƙofa ta ce, "Baban yara, na gani da idona, a rufe take." Babban ɗansu an ɗora masa aikin rantsuwa cewa bai taɓa buta ba. Kowace amsa irin wannan tana kwantar da shi na minti biyar, tana ƙara wa waswasin ƙarfi na gobe. Ba laifinsu ba ne, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani. Matan sojoji su ne asibitin da ƙasar nan ta dogara da shi ba tare da ta horar da su ko ta biya su ba.

Ba zan ce ba a motsa ba sam. A watan Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da sojoji masu firgicin yaƙi a Abuja, wadda ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda ta ɗauki gabarar ginawa, Hajiya Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya yi shekaru yana fama da wannan ciwo bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa. Wannan magana ta yi wa ƙananan sojoji amfani fiye da tarurruka goma, domin idan janar zai iya kamuwa, kofur ba rago ba ne. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, ga asibitin soja na 44 a Kaduna. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma fargabata ita ce yanzu da muka koyi kalmar PTSD, za mu mayar da ita buhun da ake zuba komai a ciki, kamar yadda a da muke zuba komai a cikin "taɓin hankali".

Abin da nake nema ba gini ba ne. Duk sojan da aka sauke daga fagen daga, da duk wanda ya je cibiyar shirin ritaya ta Oshodi, a yi masa tambayoyi kaɗan bayan na mafarki da firgita: akwai abin da kake maimaitawa ka kasa bari? Minti nawa alwala ke ɗaukar ka? Akwai tunanin da ke zuwa maka wanda kake jin kunyar faɗa? A yi su da Hausa ga mai jin Hausa, a ɗakin da ogansa ba ya ciki, a sake yi bayan wata shida, domin wani abin sai an huta yake fitowa. A kira matarsa ita ma a ji ta bakinta. Nas ko ma'aikacin lafiya na bataliya zai iya koyon wannan, ba sai farfesa ba. Sannan a daina barin mutum a daji har ya manta kamannin 'ya'yansa. A watan Agustan 2018 sojoji sun yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri suna ƙin a tura su Marte, kukansu shi ne sun wuce wa'adinsu da shekaru. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekara huɗu tana koyon cewa rashin dubawa mutuwa ne, ba za ta saki wannan darasi don an ba ta takardar hutu ba.

Na san abin da wani zai ce: tsofaffin sojoji suna zanga-zanga a Abuja kan haƙƙoƙinsu na ritaya, zawarawan waɗanda suka kwanta dama suna jiran nasu, kai kana maganar wanke hannu? Ina tare da su a wannan kuka ɗari bisa ɗari. Amma na ga abin da wanke hannun ya ci. Bayan ritaya Yaya ya sami aikin gadi a wani kamfani, aikin da kowa zai ce ya dace da shi. Wata biyu aka sallame shi, domin yakan tsare mota ɗaya a ƙofa yana bincike har layi ya kai titi. Ya buɗe shago, ya kasa karɓar kuɗi daga hannun mutane. Fanshon da ake fafutuka a kai, nasa a ruwa da sabulu da masu magani yake ƙarewa.

Daga baya mun kai shi wajen wata likita. Da ya gama ba ta labarin Borno sai ta dubi hannayensa, ta ce, "Baba, sau nawa kake wanke su a rana?" Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Likita, ba wanda ya taɓa tambayata." Ta sauya masa tsarin magani, ta haɗa shi da wanda zai riƙa zama da shi duk mako a kan abin da ya faru a hanyar nan, ta zaunar da Anti ta koya mata yadda za ta amsa cikin tausasawa ba tare da ta raka shi ƙofa ba. Limamin unguwarsu, da aka yi masa bayani, ya ce ya riƙa zuwa yana alwala a gefensa, buta ɗaya su biyu. Makonnin farko sun yi tsanani, har ya ce a ƙyale shi da halinsa. Da na koma gidan da ƙaramar sallah na kwana, sau biyu na ji sakata. Anti ta ce duk ranar da aka ce a rediyo an kai wa sojoji hari, takan koma bakwai ko takwas. Jarka uku take saye yanzu.